Na'urar Sona Za Ta Hango Kwantena a Teku?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aiki a jirgin kamun kifi a tekun Legas, maigidanmu ya sa mana sabuwar na'urar sona. Za ta iya hango mana gungume ko kwantenar da ke yawo a ruwa cikin dare?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ɗora ranka a kanta. Yawancin sonar ƙananan jirage ƙasa take kallo. Sauti take harbawa, wanda ke gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, ta jira amsa-kuwwa ta gaya maka zurfi da inda kifi ya taru. Abin da ke gaban hancin jirgi ba huruminta ba ne.

Akwai mai kallon gaba, amma ita ma a saman ruwa ƙarfinta yake ƙarewa. Fuskar teku tana mayar da sauti kamar madubi, ga kumfar igiyar ruwa tana watsa shi, sai allo ya cika da dusu-dusu. Kwantenar da ta sha ruwa kuwa daidai nan take maƙalewa, kusurwa ɗaya a waje, sauran a nutse. Ga jirgi yana sunkuyawa yana ɗagowa. Rada ma, na'urar da ke hango abubuwa a saman ruwa, takan rasa kwantenar cikin igiyoyi.

Ko sona ta gani, akwai matsalar lokaci. Jirgin da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 kowace daƙiƙa. In ta nuna abu a nisan mita 100, daƙiƙa 10 gare ka ka gane, ka yarda, ka karkata.

Haɗarin ba tatsuniya ba ne. A ƙarshen 2020 jirgin ONE Apus ya zubar da kwantena 1,816 a tekun Fasifik, MSC Zoe kuma 342 a Tekun Arewa da ke Turai a Janairun 2019. Da yawa suna nutsewa, masu ɗauke da kaya marasa nauyi ne ke daɗewa suna yawo. Shi ya sa da dama daga masu tseren Vendée Globe, gasar zagaya duniya a jiragen ruwa masu tafiya da iska, suka ɗaura kyamara mai gane zafi a saman turken jirgi, duk da ita ma abin da ya leƙo waje kawai take gani.

Dokar duniya ta kauce wa karon jiragen ruwa ta 1972, sashe na 5, ta wajabta tsaro da ido da kunne a kowane lokaci. Ku rage gudu da dare, musamman bakin kogi da damina lokacin da ruwa ke kwaso itace, ku kuma tsayar da mutum a gaba da tocila mai ƙarfi.