Kawu, ga yadda zancen wiwi yake a New York

Kawu, barka da war haka, ya mutanen gida? Ka tambaye ni ko da gaske ana sayar da wiwi a shago a nan kamar sukari, kuma yaya muke yi da yaranmu. Wallahi da gaske ne. Tun watan Maris na 2021 jihar New York ta halatta ta ga duk wanda ya kai shekara 21, mutum ya riƙe har kusan giram 85 ɗan sanda na kallonsa. Shagon farko mai lasisi ya buɗe a ƙarshen Disamban 2022, amma marasa lasisi sun riga shi cika gari, sai a 2024 hukumar birni ta bi su tana garƙama musu kwaɗo.

Hanci ne ya fara sanin doka ta canza. Kusan duk inda aka yarda a sha sigari a titi, an yarda a zuƙe ta. Mu a unguwarmu ta Bronx, da zafi in ka buɗe taga, wari ya shigo har kan dadduma. Doka ta ce shagon ya nisanci makaranta da ƙafa 500, wurin ibada da ƙafa 200, sai dai ginin da ibada kaɗai ake yi a ciki ake nufi. Masallatanmu kuwa yawanci ƙasan bene ne muke haya, mutane na kwana a sama.

Ba zan ɓoye maka alherin halatta ta ba. A da 'yan sanda kan tare yaro baƙar fata a lalube shi, ƙulli ɗaya ya ɓata masa suna, neman aiki ya gagara. Yanzu an goge irin waɗannan laifuffukan, harajin kashi 13 cikin ɗari da mai saye ke biya kuma wani kaso nasa makarantu yake tafiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, jiha ce ta halatta, gwamnatin tarayya ba ta halatta ba, takardun zama kuwa a hannun tarayya suke. Ɗan ƙasa ya sha ya wuce abinsa. Mai katin zama in ya amsa wa jami'in shige da fice cewa yana sha, ko ma aiki kawai yake yi a shagon, hakan na iya hana shi zama ɗan ƙasa, ko ya je gida hutu dawowa ta zama rigima. Direbobin tirela ma har yau ana gwada fitsarinsu. Shi ya sa baƙo in ya sauka, kafin a nuna masa tashar jirgin ƙasa dattawa sun ja masa kunne a kan wannan.

Yara su ne damuwar. Babu Hisba a nan, kuma ba ka da ikon tsawata wa ɗan maƙwabci. Abin ma ya wuce hayaƙi, har alewa da cakuleti ake yi da ita, leda mai kala kamar ta kanti. Malamin islamiyyarmu ta Asabar da Lahadi cewa yake giya ma ai halal ce a dokar garin nan, mun taɓa sha? Uwargida kuwa ba ta jiran wa'azi, kullum Abba ya dawo makaranta sai ta zazzage jakarsa, alewar da ba ita ta saya ba kwandon shara za ta.

A gaida Inna da yara.