Ki ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce gurbin karatunki ya fito a Manchester, amma Hajiya ta ce ba za ki je garin da ake tayar da bam a tsakiyar taro ba, har ke ma zuciyarki ta fara rawa. Kina tambaya ta yaya muke zaune a nan ba fargaba.

Abin da Hajiya ta ji gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Daren 22 ga Mayu 2017 ina cikin garin nan. Wani matashi ya tayar da bam a zauren Manchester Arena daidai lokacin da ake watsewa daga taron waƙa, mutum 22 suka rasu, cikinsu har da ƙananan yara. Tashar jirgin ƙasa ta Victoria da ke manne da zauren, nan nake bi zuwa aiki, sai da ta yi mako guda a rufe. Gwamnati ta ɗaga matakin barazana zuwa na ƙoli cikin matakai biyar ɗin da suke da su. A ƙasar da ɗan sanda ba ya yawo da bindiga, sai ga su riƙe da manya a bakin tashoshi.

Amma ba bam ɗin na fi jin tsoro ba, wayewar gari na ji. Na daɗe tsaye gaban madubi da hijabina a hannu, ina shawarar ko in ɗora hular sanyi kawai in fita. Ƙarshe dai na saka abina, na yi bismilla. A cikin jirgi wani mutum ya yi ta harara ta yana ƙunƙuni, ni kuma na kafa ido a takalmina. Sai wata tsohuwar Baturiya ta bar kujerarta ta dawo kusa da ni, ta hau yi min hirar ruwan sama, ba ta tashi ba sai da na sauka. Ko sunanta ban tambaya ba.

Wannan ɓangaren ne ba a cika faɗa muku a gida ba: a nan wutar ba gefe ɗaya take ci ba. Cikin azumin shekarar, 19 ga Yuni, wani ya tuƙa mota ya afka wa masallata a Finsbury Park da ke Landan bayan tarawihi, dattijo ɗaya ya rasu, kuma limamin ne ya hana jama'a taɓa maharin har 'yan sanda suka iso. A 2024 masu tarzoma sun far wa masallacin Southport, muka yi kwanaki ba mai fita ita kaɗai. A Oktoban 2025 kuma wurin ibadar Yahudawa aka kai wa hari a arewacin garin nan.

To ki tambayi Hajiya a hankali, cikin ladabi: ranar 20 ga Janairu 2012 da Kano ta ɗauki ƙarar bama-bamai, lokacin kina 'yar firamare, ta bar garin? Bayan harin babban masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba 2014, an daina salla? Ita da ta ci gaba da shiga Kwari tana sarin atamfa, ai ta fi ni sanin yadda ake wannan zama. Tsoronta na nisa ne, ba za ta iya aiko yaro ya dubo ki ba. Maganinsa kuwa ɗaya: duk ranar da wani abu ya faru, ko a Landan ne, ki kira ta kafin ta ji a BBC Hausa. Ni na taɓa makara, har yau ana yi min gori.

Sauran ba su da yawa. Lambar gaggawa 999 ce. In kin ga jaka ba mai ita a jirgin ƙasa, ki tura saƙo ta 61016. Shawarar 'yan sanda in abu ya rutsa da ke: ki gudu in da hanya, in babu ki ɓuya ki kashe ƙarar waya, sannan ki kira su. Ni dai in na shiga taro nakan duba ina ƙofar fita take, in yi azkar ɗina, shi ke nan na manta.

Ki nemi ɗaki tun yanzu, haya ta yi tsada. Ki zo da yaji da kuka, amma kar ki sako kilishi, a filin jirgi za su karɓe shi. Ki gaida min Hajiya, ki ce zan kira ta ranar Juma'a in sha Allahu.