Amsa ga ɗan'uwanmu direban tirela na Jidda

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka, wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce sharikar da ta ɗauke ka, wato kamfanin da ya ɗauke ka aiki, tana ba da hayarka, yau wannan kamfani gobe wancan, ba ka san daren da za ka kwana gida ba, uwargida ta fara ƙorafi, kana tambaya ko ka ajiye aikin. Ni ma a cikin wannan ramin nake.

Abin da ya fi ciwo a aikin haya shi ne ba ka da uba a wurin aiki. Kamfanin da ka je wa ya ce kai ba nasa ba ne, sharikarka ta ce ai jadawali a hannun kamfani yake. Akwai wani mushrif, wato mai kula da direbobi, da aka haɗa ni da shi, Allah Ya isa tsakanina da shi. Na sauke kaya daga Riyad, kusan kilomita 950, na iso Jidda idona kamar an zuba barkono, washegari kuma sunan 'yata. Ya sani, don ni da bakina na gaya masa tun ana saura mako. Ya kira ni ya ce kwantena na jira a mina, wato tashar jiragen ruwa, in na ƙi zai rubuta ban zo aiki ba. Na roƙe shi, har da Allah da Annabi na haɗa shi. Ya kashe wayar. Na ɗauki kayan zuwa Riyad na bi ta hanyar Sail, tunda ba a barin manyan motoci su hau hanyar dutsen Hada. Wajen garin Zalim barci ya sace ni, ƙarar tsakuwar gefen titi ce ta farkar da ni. Na faka, jikina na ɓari, na yi kuka kamar yaro. A waya na ji an raɗa wa yarinyar suna. Mutumin nan ko barka bai yi mini ba. Har yau in na ga irin motarsa raina ɓaci yake.

Kada ka yi saurin ajiye aiki, iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ba abin wasa ba ce. Amma ka buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago na intanet, ka karanta kwantiraginka da kyau. Dokar ƙwadago ta ce awa 8 a rana ko 48 a mako, da Ramadan awa 6 ga Musulmi, abin da ya haura kuwa kuɗin ƙarin lokaci ne, da ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Kana da hutun yini guda a mako, da ijaza, wato hutun shekara, ta kwana 21. Hukumar sufuri ma ta ce in ka yi tuƙin awa 4 da rabi ka huta minti 45. Tun gyaran 2021 kana iya komawa wata sharika bayan shekara guda ba sai kafil, wato mai ɗaukar nauyin iƙamarka, ya yarda ba, in dai ba direban gida aka rubuta a iƙamarka ba.

Duk umarnin da mushrif zai ba ka, ka ce ya turo a WhatsApp. Maganar baki ba ta tsayawa a maktabul amal, wato ofishin ƙwadago.

Batun uwargida kuwa, ba kuɗi take nema ba, so take ta san ranar da za ta sa tukunya da kai. Ka daina ce mata "ina hanya" alhali kana layin jiran a buɗe wa tireloli shiga Riyad. Faɗa mata gaskiya. Kuma in ka dawo a gajiye, tsaya a istiraha, wato wurin hutawa na kan hanya, ka yi barci ko na awa biyu ne kafin ka shiga gida, don gajiya ke sa mu yi wa yara tsawa ba su yi komai ba.

Ka rage shayi da abin sha mai hana barci, ƙodarmu muke kashewa a zafin nan. Ka kuma duba tarar Saher, wato kyamarorin kama laifin tuƙi, da ake cire maka a albashi, wata ba kai ke riƙe da motar ba ranar. In ka shigo unguwar Karantina ranar Juma'a ka yi mini magana a nan, mu zauna in nuna maka yadda ake shigar da ƙara.