Amsa: Ginin Bolshoi na yanzu shi ne na asali?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ginin Bolshoi, gidan wasan kwaikwayo da waƙa na birnin Mosko, da ka gani a jikin takardar kuɗin Rasha ta Rubul 100 shi ne tun na zamanin Sarauniya Katarina ta Rasha. A'a, ba shi ba ne. Gobara ta ci gidan har sau biyu.

A 1776 Katarina ta ba Yarima Urusov izinin shirya wasanni a Mosko. Abokin harkarsa, Baturen Ingila Maddox, ya gina gidan farko a titin Petrovka a 1780, wuta ta lashe shi a 1805. Na biyu, aikin mai tsara gine-gine Osip Bove, an buɗe shi a 1825, shi ma ya ƙone a 1853, sai bango da ginshiƙai takwas na ƙofa suka tsira.

Wanda ke tsaye yau Alberto Kavos ya tayar da shi a 1856, daidai bikin naɗin Sarki Alekzanda na biyu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya lulluɓe zauren da katako, tamkar cikin goge, don muryar mawaƙi ta kai har bene na ƙarshe ba lasifika. A zamanin Tarayyar Sobiyet aka zuba kankare a ƙarƙashin wurin makaɗa, amon ya dushe. Wannan ɓarna tana ba ni takaici ƙwarai.

Turakun itacen da ke riƙe da harsashin ma sun ruɓe, bango ya tsattsage. Shi ya sa aka rufe shi a 2005, aka maido da katakon da adon zinare, aka sake buɗewa a Oktoban 2011.