Ga 'yar'uwar da ke son fasa bangon kicin

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki na ji kamar ni ce na rubuta ta. Gida siriri mai bene, kun haɗa bango da maƙwabta dama da hagu, taga sai gaba da baya, tsakiyar gida duhu ko da rana tsaka, kicin can ƙurya a rufe, kina girki ba ki san abin da yara ke yi ba. Kin ce kina so a fasa bangon da ya raba kicin da falo, a ɗauke banɗakin ƙasa a mayar da shi wani gefe, kina tambayar ta ina za ki fara. Irin gidanmu ke nan, aikin da muka yi ke nan, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don girman Allah kada ki bari kowa ya ɗora guduma a bangon nan sai injiniyan gini ya zo ya duba shi da idonsa. Injiniya nake cewa, mai lissafin nauyin gini, domin magini da ɗan kwangila kowa da iyakar saninsa. A irin waɗannan gidajen wani bangon rabon ɗaki kawai yake yi, wani kuwa shi ke ɗauke da benen sama, kuma bayan an yi filasta an shafa fenti duk kamarsu ɗaya. Akwai alamu: idan kika hau sama kika ga akwai wani bango daidai a kansa, ko ya fi sauran kauri, ko bim, wato dogon ƙarfe ko kankare da ake gittawa ya ɗauki nauyin sama, ya zauna a bisansa, to ki ɗauka yana ɗauke da kaya. Amma alama ba hukunci ba ce. A nemo zanen ginin na asali in yana nan, in babu a ɗan sassaƙe filasta a ga abin da ke ciki.

Mu ɗan kwangilar da muka ba aiki, na tambaye shi wannan maganar baki da baki, ina tsaye a gaban bangon. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya yi dariya, ya ce Hajiya wannan ai ba ya ɗauke da komai, ya daɗe yana irin wannan aikin. Na ce ko za a kira injiniya, sai ya juya wajen maigida ya ce asarar kuɗi ce kawai, mata akwai tsoro. Har yau in na tuna yadda ya kau da kai daga gare ni kamar ba da ni ake magana ba, raina sai ya ɓaci. Suka fasa, ba tokara, ba komai. Falo ya buɗe, haske ya shigo, kowa na murna. Ba a jima ba ƙofar ɗakin yara da ke sama ta fara cijewa, sai an sa kafaɗa take rufuwa. Na kira shi, ya ce katako ne ya sha iska. Sai tsaga ta fito daga kusurwar ƙofar ta nufi silin, siririya da farko. Ya ce filasta ce ke bushewa. Na sa fensir na yi alama a ƙarshen tsagar, bayan kwana kaɗan ta wuce alamar. Wani dare muna kwance na ji ƙara daga sama, na tashi a guje, na tarar tayil ɗin ɗakin yara ya tsage daga bango zuwa bango, ƙaramar tana barci a katifarta kusa da wurin. Na ɗauke ta jikina na rawa, na tashi sauran, muka sauko ƙasa muka zauna, sai na tuna ai a ƙarƙashin wurin muke zaune. Muka koma bakin ƙofar gida muka kwana a zaune. Ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji shi.

Da safe na kira mutumin nan, waya na shiga ba ya ɗauka. Da ya ɗauka daga baya, ko sannu bai ce mana ba, cewa ya yi ai ni na ce a fasa. Ni na ce a fasa! To ba don ya san aikin ba muka kira shi? Ya karɓi kuɗinsa kusan duka, ya bar mana tarin ɓaraguzai a bakin ƙofa, ya bar wayoyin lantarki a buɗe a gidan da ke da yara, ya tafi wani aikin. Abin da ya fi min ciwo, daga baya na ji yana gaya wa mutane wai mu ne masu canza ra'ayi kullum. Na bar shi da Allah, amma ban yafe rainin ba. Injiniyan da muka kira a ƙarshe, yana shigowa ya ɗaga kai ya ce a fitar da komai daga ɗakin sama a ranar. Aka kawo tokarar ƙarfe aka jera a tsakiyar falo, muka zauna da su tsawon lokaci muna ratsawa ta tsakaninsu, kafin aka saka bim ɗin ƙarfe da fila, wato ginshiƙi, a kowane gefe. Ya ce da tun farko aka tokare benen, aka saka bim, sannan aka cire bangon, da aikin bai kai rabin wannan wahalar ba. Kin ga ana iya cire bango mai ɗauke da nauyi, tsarin yin ne mutumin nan ya tsallake. In kuma bim ɗin na kankare za a zuba, kada a bari su yi gaggawar cire tokara, domin sai ya yi kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa.

Maganar banɗaki kuma, ki yi tunani sosai. Bututun masai kaurinsa kusan santimita 11 ne, kuma dole ya gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, in ba haka ba kullum kina cikin toshewa da wari. To in kika matsar da masai mita 4 daga babban bututun da ke saukowa daga sama, kin ga sai an sami wurin gangarar santimita 8 ban da kaurin bututun kansa. Ko a fasa daɓen ƙasa, ko a ɗaga ƙasan banɗakin ya zama sai an taka tudu, wanda tsoho da yaro za su yi ta tuntuɓe a kai. Shi ya sa masu zanen gida suke jera wuraren ruwa a layi ɗaya, banɗakin sama a kan na ƙasa, kicin a kusa da su. Ki fara gano inda babban bututun nan yake kafin ki zana komai. Mu namu banɗakin ba mu ɗauke shi ba, ƙofarsa kawai aka juya, daga kallon wurin cin abinci ta koma kallon lungun matakala, kuma damuwar ta ƙare. Ki duba ko naki ma ƙofar ce matsalar.

Kuma 'yar'uwa, ki tambayi zuciyarki ko da gaske kina son kicin a buɗe gaba ɗaya. A hoto yana da kyau, amma babu wanda ke ɗaukar hoton kicin lokacin da tukwane ke jibge a wurin wanke-wanke baƙo ya yi sallama. Ƙaurin girki yana bin labule da kujeru, kuma a gidan bene matakala tana jan sa har ɗakunan kwana, tunda iska mai zafi sama take yi. Ƙarar injin markaɗe da ta talabijin su haɗu a ɗaki ɗaya. Da yanzu zan sake, faffaɗar ƙofa mai zugewa zan sa, in buɗe in ina son ganin yara, in rufe in ina suya. In kin buɗe ɗin, ki sa na'urar zuƙe hayaƙi mai bututu da ke fitarwa waje, domin wadda ke tacewa ta mayar da iskar cikin ɗaki ba ta fitar da tururi. Kuma duk bangon da kika cire kin rasa wurin jingina kabad, wannan mutane ba sa tunawa sai kaya sun rasa wurin zama. Tsakanin kantar kicin da wadda ke fuskantarta ki bar aƙalla mita 1, in ku biyu kuke aiki a ciki mita 1.2, ki tabbatar ƙofar firji ba ta tare hanya in an buɗe ta. Murhu da wurin wanke-wanke da firji su kasance kusa da juna, kada hanyar wucewar mutanen gida ta ratsa tsakaninsu, musamman ga mai ƙananan yara da tukunya a wuta.

Duhun tsakiya da kika ambata, ba laifin fentinki ba ne. Hasken taga yana shiga ne kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin saman tagar daga ƙasa, wato tagar da samanta ya kai mita 2 za ta haska miki mita 4 zuwa 5, daga nan sai dusu-dusu. Gidan da ya yi tsawon mita 12 da taga gaba da baya kawai, dole tsakiyarsa ta yi duhu. Abin da ya canza mana gida fiye da fasa bangon shi ne tagar rufi da aka buɗe a saman matakala. Haske yana zubowa har ƙasa, in an buɗe ta kuma zafi yana fita ta nan, iska ta shigo ta tagogin ƙasa. Sai dai a samo wanda ya iya ɗaure gefenta da kyau saboda yoyo, a kuma sa mata abin tare rana. In hakan ba zai yiwu ba, ƙofofi masu gilashi marar nuna mutum, ko ƙaramar taga a saman ƙofofin ciki, suna wuce da haske daga ɗaki zuwa ɗaki. Tsakiyar kuma a ba ta abin da ba ya buƙatar rana: sito, banɗaki, wurin injin wanki. Inda kuke wuni a kai shi bakin taga.

Matakala kam ki bar ta inda take in dai ba dole ba, ɗauke ta kusan sake gina cikin gidan ne. Wani zai zo ya ce a matse ta a sami fili, kada ki yarda. Tsayin kowane taki kada ya wuce wajen santimita 18, faɗin wurin sa ƙafa kada ya gaza 25, sama da kai a sami mita 2, kuma duk takun su zama daidai da juna, don taki ɗaya da ya bambanta shi ke kayar da mutum. Tazarar ƙarafan makari kada ta kai santimita 10, kan yaro na iya shiga. Ƙarƙashinta kuwa dukiya ce, mu can muka yi wa takalma da jakunkunan makaranta da tsintsiya wuri, bakin ƙofa ya huta. Ki tuna kuma za a tsufa a gidan nan, ko wani ya yi jinya. In akwai yadda za a bar ɗaki ɗaya a ƙasa da zai iya zama na kwana, kusa da banɗaki, a bar shi. Lokacin da mahaifiyata ta zo jinyar gwiwa na san darajar wannan, don hawa benen nan ya gagare ta, ina kallonta tana kallon matakala tana share hawaye a ɓoye.

Af, maƙwabta. Bangon gefe ba naki ba ne ke kaɗai. Bim ɗin da za a saka sau da yawa a kansa zai zauna, kuma duk dukan guduma a cikin ɗakinsu yake sauka. Ki je ki same su tun kafin a fara, ki ɗauki hoton bangon ta ɓangarensu in sun yarda, don kada gobe a ga tsohuwar tsaga a ce ke ce. Ki bincika kuma ko sai kin nemi izinin hukumar gine-gine ko na masu kula da rukunin gidajen, wurare da yawa taɓa abin da ke ɗauke da gini sai da takarda. Maƙwabciyata ta dama, Allah ya saka mata da alheri, ita ta riƙe min yara lokacin da ƙura ta hana numfashi. Ta hagu kuwa mun daɗe ba ma gaisawa saboda ɓaraguzan da mutumin can ya zube mata a ƙofa, abin da ban ji ba ban gani ba, ni na yi ta ba da haƙuri. Kin ga har zumuncin unguwa sai da ya ɓata min. In za a taɓa bangon da kuka haɗa da maƙwabtan, ki sa a ƙara masa abin rage ƙara, kuma kada ki jingina masa gadonki in kin san talabijin ɗinsu na bayansa, kabad ɗin kaya ya fi dacewa da wurin.

Kafin ki biya kowa, ki yi 'yan makonni kina lura da gidanki. Ina ake cunkushewa da safe, ina kaya ke taruwa, wace ƙofa ce ke bugun wata, wane ɗaki ne ba mai shiga. Ki samo tef ɗin awo da alli ki zana sabon tsarin a ƙasa, ki jawo kujeru da tebur ki ajiye su inda kike so, ki yi ta wucewa da kwandon wanki a hannu ki ji ko hanyar ta kai santimita 90. Soket da makunnin fitila ma a nan za ki gane inda suka dace, don bayan filasta ƙara ɗaya sai an sake fasawa. Kuɗi kuma kada ki ba da shi a dunƙule, a rubuta aikin daki-daki a takarda, kowane mataki in an gama an duba sannan a biya, ki riƙe wani kaso sai ƙarshe, ki kuma ware wani abu a gefe, don da wuya a buɗe bango ba a tarar da abin da ba a zata ba. In mai aiki ya yi miki dariya don kin yi tambaya, ki sallame shi tun ranar.

Ki turo mana zanen gidan ko da na biro ne a takarda, ki nuna inda matakala take, da inda bututun banɗakin sama ya sauko, da abin da ke saman bangon kicin ɗin. Ki faɗa mana kuma ko benen na kankare ne ko na katako, don maganar bim ta danganta da wannan. Allah ya sa a yi a sa'a, ya haɗa ki da masu amana.