Amsa ga ƙanina da ya samu admishan a Texas, kan zancen bindiga a jami'a

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka, ka ce ka samu gurbin mastas a wata jami'ar gwamnati a nan Texas amma Hajiya ta tada hankalinta tunda aka gaya mata wai ɗalibai da bindigogi suke shiga aji, shi ne kake tambaya gaskiya ne ko dai ƙarin gishiri ne irin na mutane. To gaskiya ne, doka ce ma ta ba da dama, sai dai abin ba kamar yadda ake kai muku labarinsa gida yake ba.

A 2015 majalisar jihar ta zartar da dokar, gwamna Greg Abbott ya sa hannu, ta fara aiki a jami'o'in gwamnati ranar 1 ga Agustan 2016, kwalejojin shekara biyu kuma sai a 2017. Kuma ka ji wani ikon Allah, ranar da ta fara aiki ita ce ranar da aka cika shekara 50 cif da Charles Whitman ya hau hasumiyar jami'ar Texas a Austin ya dinga harbin mutane daga sama a 1966. Mutane da yawa abin ya sosa musu rai.

Abin da dokar ta ce shi ne mai lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga zai iya shiga da ita harabar makaranta har cikin aji, amma a ɓoye, ko ƙarƙashin riga ko cikin jakar da take tare da shi, in ya bari aka ganta da gangan ya yi laifi. Shi ya sa za ka gama karatunka kaf baka ga bindiga a hannun ɗalibi ba, sai dai a ƙugun ƴan sandan makaranta. A 2021 Texas ta ce ana iya yawo da bindiga a gari ba lasisi, amma a cikin jami'a har yanzu sai da lasisin. Sannan akwai inda aka hana, filin wasa lokacin da ake buga wasa, wasu ɗakunan gwaji masu sinadarai masu haɗari, wajen duba marasa lafiya. Za ka ga allo a bakin ƙofa da manyan baƙaƙe an rubuta 30.06, da Turanci da Sifaniyanci, lambar sashen dokar kenan, ma'ana nan ba a shiga da ita. Hostel kuma kowace makaranta da nata tsarin, wata ta hana, wata ta ce a ajiye a akwatin ƙarfe mai makulli, wannan ka tambaya kafin ka biya kuɗin ɗaki. Jami'o'in kuɗi an bar musu zaɓi, kuma kusan duk sun ce a'a, su Rice da Baylor da SMU duk sun hana.

Rigimar barin shiga jami'a da bindiga kanta ta yi zafi ne bayan abin da ya faru a jami'ar Virginia Tech a Afrilun 2007, ɗalibi ɗaya ya kashe mutum 32. Masu goyon baya cewa suke ai makarantar ta hana bindiga amma hanin bai tsayar da makashin ba, masu bin doka kawai ya bari hannu rabbana, kuma me ya sa mutumin da aka tantance shi aka bashi lasisi yana shiga kasuwa da coci da ita sai ya zo ƙofar aji a ce haƙƙinsa ya ƙare. Suna yawan kawo misalin mace da ta fito daga laburare ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ta taka zuwa wajen da ta ajiye mota ita kaɗai. Masu adawa kuma, yawancinsu malamai ne, cewa suke ta yaya za ka kayar da ɗalibi a jarabawa ko ka buɗe muhawara kan addini da launin fata alhali baka san me ke cikin jakarsa ba. Malamai uku na Austin har kotu suka je, suka sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara a 2018, shugaban tsangayar zanen gine-gine ma Fritz Steiner barin jami'ar ya yi ya koma Pennsylvania, ya ce dokar tana cikin dalilansa.

Ni dai a nawa ganin hujjar da ta fi nauyi ba ma ta ɗan bindiga daɗi ba ce, ta mutum ya kashe kansa ce. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka su suke harbe kansu, to ka haɗa yara matasa, ga giya a ƙarshen mako, ga damuwar jarabawa da ta soyayya, sannan ka ajiye bindiga a ɗaki. Wannan ne yake damuna. Amma gaskiya ɗaya ce, tun 2016 ba a ga jinin da aka yi ta tsoron zai kwarara a azuzuwa ba, kuma harbin da aka yi a jami'ar Michigan State a 2023 aka kashe ɗalibai uku, a makarantar da ta hana shiga gini da bindiga aka yi shi. Don haka in ka ce za ka gudu California ko New York saboda su sun hana, baka sayi garanti ba, sai tsadar haya.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye, kuma don Allah ka riƙe shi da kyau. Duk wannan cacar bakin tasu ce, kai da za ka shigo da bizar ɗalibi F-1 dokar tarayya ta hana ka mallakar bindiga ko harsashi, in ba wasu ƴan togaciya ba kamar wanda ya yanki lasisin farauta. Za ka samu abokan aji masu kirki da za su ce zo mu je wajen koyon harbi ranar Asabar, a wajensu kamar zuwa kallon ƙwallo ne, kai kuma kar ka biye musu, ko riƙewa ka yi a ɗauke ka hoto don ka sa a Instagram kar ka yi. Laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku, a soke biza a tasa ƙeyarsa gida, ga kuɗin makaranta ya tafi a banza. In abokin ɗakinka yana da ita ka gaya masa ya kulle abarsa, kar ka taɓa, kar ka ajiye masa a motarka.

Makon farko za su sa lambarka a tsarin saƙon gaggawa na makaranta, kuma za su nuna muku bidiyon abin da ake yi in an ji harbi, ka gudu, in ba hali ka ɓuya, in an ritsa ka ka yi faɗa. Kar ka tsallake wannan zaman. Hajiya kuma ka gaya mata gara ta fi sa maka addu'a kan unguwar da za ka kama haya da tuƙin dare a manyan titunan nan, ka turo min sunan unguwar kafin ka sa hannu a takardar haya in duba maka.