Daga ina shinkafar basmati ta samo ƙamshinta?

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a Kura. Me ya sa basmati da ake kawowa daga Indiya da Pakistan take cika gida da ƙamshi tun tana kan wuta, alhali FARO 44 da muke nomawa ba ta yin haka? Wani abu ake zuba mata, ko ƙasarsu ce ta fi tamu?

Amsa: Malam, basmati ta asali ba a zuba mata komai, gadon ƙamshinta ta yi. Abin da hanci yake ji wani sinadari ne da ake kira 2AP, wanda masanin sinadarai Ron Buttery da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1982, kuma shi ne yake tashi daga gugguru mai zafi da ɓawon burodi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, naƙasa ce ta haifar da wannan ƙamshi. A cikin kromosom (ƙunshin bayanan gado) na 8, daga cikin 12 da shinkafa take da su, akwai ƙwayar gado mai suna BADH2. Idan lafiyarta ƙalau, kamar a yawancin shinkafar duniya, tana sa tsiro ya sarrafa wani sinadari ya mayar da shi wani abu dabam tun kafin ya taru. A 2005 masu bincike a Jami'ar Southern Cross ta Ostareliya suka nuna cewa a shinkafa mai ƙamshi haruffa 8 sun ɓace daga rubutun gado (DNA) na wannan ƙwaya, saboda haka aikinta ya tsaya, sinadarin ya yi ta taruwa har ya rikiɗe ya zama 2AP. Binciken Jami'ar Cornell na 2009 ya ƙara nuna cewa giɓin da ke jikin basmati shi ne dai yake jikin shinkafar jasmin mai ƙamshi ta Tailan, kuma asalinsa daga japonica ne, ɗaya daga cikin manyan dangogin shinkafar Asiya. Ke nan manoman zamanin da, da hancinsu kawai, suka riƙa ware irin da ya yi musu daɗi suna adanawa.

Wannan gado mai lafewa ne, ba ya fitowa sai tsiro ya karɓe shi ta wajen uwa da uba duka. Idan aka yi auren basmati da iri marar ƙamshi, 'ya'yan farko ba za su yi ƙamshi ba, sai a jikoki za a samu kusan ɗaya cikin huɗu. A da masu inganta iri tauna ƙwayar shinkafar suke yi, ko su jiƙa ganye a ruwan sinadari su shinshina, kuma bayan 'yan samfura hanci yakan gaji ya daina rarrabewa. Yanzu gwajin DNA na ɗan guntun ganye ya wadatar.

Batun ƙasa ma ba ka yi kuskure gaba ɗaya ba. Gado ne yake ba da ƙamshi, amma yanayi yake ƙayyade yawansa: sanyi a lokacin da shinkafa take cika ido yana ƙara 2AP, haka ma ɗan ƙishirwa da ƙasa mai gishiri-gishiri, irin ta arewa maso gabashin Tailan. Zafi kuwa rage shi yake yi, saboda haka shinkafar rani da za ta nuna a tsakiyar bazara ba za ta ba da ƙamshin da iri ɗaya zai bayar a Punjab, yankin noman basmati a Indiya da Pakistan, ba. Kada kuma ka gwada shuka ta kanti, domin injin casa ya riga ya cire idon da yake tsirowa.